Ruwan ɗorawa ko ruwan man shanu? Ku daina mayar da falo A Daidaita Sahu

1/ Zan faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai, amma sai na faɗa: yalo mai ƙarfi, wanda muke ce wa ruwan ɗorawa, bai dace da bango huɗu na ɗakin da mutum zai kwana ya tashi a ciki ba. In dai yalo kake so a cikin gida, ruwan man shanu za ka nema. Ga zare, ku biyo ni a hankali. 🧵

2/ Kafin wani ya ce "duk yalo ai yalo ne", bari mu raba su. Na farko shi ne ruwan ɗorawa: kalar garin ɗorawa, kalar A Daidaita Sahun Kano, kalar da in ka hango ta daga nesa za ka ɗauka rumfar mai sayar da kati ce. Tana da ƙarfi, tana kiran ido tun daga bakin layi.

3/ Na biyu shi ne ruwan man shanu: yalo mai taushi wanda fari ya rinjaya, da ɗan ɗumi irin na ƙasa a cikinsa. Ya fi kirim ɗin gidan haya nuna yalo, amma bai kama ƙafar ɗorawa ba. Masu fenti da yawa suna haɗa shi da kirim su ce abu ɗaya ne. Kama da wane ba ta wane.

4/ Ni ɗalibi ne a sashen zanen gine-gine, aji uku. Ba na sayar da fenti, ba wanda ya biya ni talla. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake zuba kuɗin bokiti da na aiki a wannan tsadar, sannan a zauna shekaru cikin ɗakin da ke gajiyar da ido, saboda wani hoto da aka gani a waya.

5/ Mu fara da wayar nan, don ita ce tushen rigimar. Allon waya haske yake fitarwa. Yalon da kake gani a kai haɗin ƙananan fitilu ne, ja da kore. Bango kuwa ba ya fitar da komai, hasken da ya sauka a kansa yake mayar maka. Hanyoyi biyu ne daban, ba za su taɓa ba ka kala iri ɗaya ba.

6/ Ƙari a kan haka, falon da kika yi sabin ɗinsa a Pinterest yana da tagogi kamar ƙofar gareji, an kunna masa fitilun ɗaukar hoto, an kuma gyara shi a kwamfuta. Naki ɗakin taga ɗaya ce, da ƙarfen tsaro, da raga, da labule mai kauri biyu, ga katangar maƙwabci taku uku daga nan. Haba dai.

7/ Ko katin kaloli na shagon fenti ma yana yaudara. Ɗan gutsuren da bai fi akwatin ashana ba, zagaye da farar takarda, kullum sai ya fi sanyi a ido. In kalar ta hau bango gaba ɗaya, ƙarfinta ƙaruwa yake. Yalo na cikin kalolin da suka fi yi wa mutane wannan wasan.

8/ Ga dalili. Haske ya shigo, ya bugi bangon gabas, ya ɗauki yalo. Ya koma kan bangon yamma, wanda shi ma yalo ne, ya ƙara ɗauka. Haka zai yi ta kai da komowa. Kowane bango yana rina ɗan'uwansa. Duba kusurwar ɗaki mai ruwan ɗorawa, za ka ga ta kusa komawa ruwan lemo.

9/ Farin silin ɗin da aka kashe wa kuɗi shi ma sai ya rine. Farin tayil ya rine. Farar shaddarka ta Juma'a in ka rataye ta sai ta yi kamar an wanke ta da ruwan kududdufi. Ruwan man shanu shi ma yana wannan kai da komowar, amma da yake fari ya yi masa yawa, abin da yake watsawa ɗan ɗumi ne kawai.

10/ Akwai ma'auni a kan wannan, ana kiransa LRV. Lamba ce daga 0 zuwa 100 da ke nuna yawan hasken da fenti ke mayarwa: 0 baƙi ƙirin, 100 fari fat. Manyan kamfanoni irin su Benjamin Moore da Sherwin-Williams suna rubuta ta ga kowace kala.

11/ Yalo mai taushi yawanci yana sama da 70. Mai zurfi, wanda ya karkata zuwa ruwan zinare, yana saukowa ƙasa da haka. Ga wanda ke da wuta awa 24 wannan ba komai ba ne. Ga mu da ke karatu da fitilar caji, ko ƙwai ɗaya a kan ƙaramar sola, bangon da ya fi mayar da haske shi ne abokin tafiya.

12/ Yanzu ƙwan fitila. Ɗauko kwalinsa ka duba, za ka ga 6500K, ko 3000K, ko 2700K. Mai 6500K shi ne farin nan fat mai ɗan shuɗi, wanda ya cika kasuwanninmu. Mai 2700K shi ne mai ɗumi, irin hasken tsohon ƙwai mai zafi.

13/ Fentin yalo shuɗi yake shanyewa, ya mayar da ja da kore, shi ya sa ma ake ganinsa yalo. To ka haska masa ƙwai mai 6500K wanda shuɗi ya yi wa yawa. Yalon da ke da ɗan tsami sai ya karkata zuwa kore, kamar ɗanyen mangwaro da aka dafe. Mai zurfin kuma ya dusashe ya yi kamar ya ɗauki dauɗa.

14/ Ka ce to bari in sa mai 2700K. Yanzu ka ɗora yalo a kan yalo, ɗakin ya koma cikin tukunyar miyar taushe. Ruwan man shanu kuwa yana iya zama da kowanne: a farin ƙwai ya yi kusa da kirim mai tsabta, a mai ɗumi ya nuna yalonsa a hankali. Wannan haƙurin nasa nake saya.

15/ Sai maganar rana. Za ku ga bidiyon Turawa ana cewa "ɗakin da tagarsa ke kallon arewa ba ya samun rana, sa masa yalo mai ƙarfi ya ɗumama." Gaskiya ne a Ingila da arewacin Amurka, inda ranar tsaka kullum tana kudu da su. Mu ba can muke ba.

16/ Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta, ranar tsaka tana ɗan arewa da tsakar kanmu, sauran watanni ta koma kudu. Shawarar da aka tsara don mai neman rana ba za ta yi wa mai gudun rana aiki ba.

17/ Tagogin da ya kamata mu sa wa ido su ne na gabas da na yamma. Tagar yamma da la'asar sakaliya haske ja-ja take zubowa, balle lokacin hunturu da ƙura ta cika sama. Wannan hasken in ya sauka a kan ruwan ɗorawa, manja kake gani a bango. A watan Afrilu, ba wuta, ba fanka. Allah ya kyauta.

18/ Kada a ce na yi ƙari: fentin ciki ba shi ke kawo zafin ɗaki ba. Zafi daga kwano da silin da bangon da rana ta gasa yake shigowa. Amma ido ma yana da nasa zafin. In jiki na fama da gumi, ido kuma na kallon kalar wuta ta ko'ina, ba inda mutum zai huta.

19/ Mu zo kan kuɗi, don na san a nan ne za ku fi saurare. Ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12 kusan mita 3.6 ne kowane gefe. In tsayin bango mita 3 ne, ka cire ƙofa da taga, kana da kusan murabba'in mita 40 na shafawa.

20/ Fentin ruwa mai kyau, lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, a bango mai santsi. Ke nan lita 4 kowace shafa. Shafa biyu lita 8. Ruwan man shanu a kan bangon da aka yi wa shimfiɗar fari, shafa biyu ta ishe shi.

21/ Ruwan ɗorawa fa? Abin da ke sa fenti ya rufe bango sosai shi ne farin sinadarin da ke cikinsa. Don a samu yalo mai ƙarfi dole a rage farin nan, ga shi sinadaran yalo masu haske ba su da rufi. Shi ya sa sai an yi shafa uku, wani lokaci huɗu, kafin sawun rola ya ɓace.

22/ Lita 8 ta koma 12 ko 16. Lokacin aiki ya ƙaru. In kuma mai fentin jimla kuka yi da shi, ba zai yi shafa huɗu a kuɗin biyu ba. Zai tsaya a biyu, ya bar maka bango dabbare-dabbare, ko ya ƙara ruwa don bokitin ya kai. Ko ta ina aljihunka ne zai biya.

23/ Ranar da ka gaji da shi kuma, ka ce bari a mayar da ɗakin fari, nan ma sai ka sake biya. Yalo mai ƙarfi yana leƙowa ta ƙarƙashin fari, sai an bi shi an sake bi. Kala ce mai tsadar shiga, mai tsadar fita.

24/ Bara da za a yi jeren yayata, mai fentin da aka kira ya haɗa ruwan ɗorawa ya fara shafawa. Umma ta ce, "Malam, anya wannan bai yi yawa ba?" Ya ce, "Hajiya, ki bari ya bushe, zai yi haske." Wannan jimlar ta kashe ɗakuna da yawa a ƙasar nan. Ya bushe, bai yi hasken ba.

25/ An kawo kujeru ruwan toka da labule ruwan hoda, waɗanda aka saya tun watanni kafin nan. Ba wanda ya zauna da bangon. Saura kwana huɗu a kawo amarya, ba kuɗin sakewa. Har yau in za ta ɗauki hoto sai ta fita tsakar gida.

26/ Maganar hoton nan ba wasa ba ce. 'Yan'uwa mata da ke sayar da atamfa da leshi da mayafai a sitatus na WhatsApp, ku ji da kyau: bangon ɗakinku yana shiga cikin kayanku. Farin leshi ya fito kirim, shuɗi ya dusashe, ruwan hoda ya koma wani abu daban.

27/ Kyamarar waya tana ƙoƙarin gyarawa da kanta, ta ga yalo ya yi yawa sai ta ƙara shuɗi, ta sake ɓata sauran kalolin. Kaya ya isa hannun mai saye, ta ce "ba wannan na gani ba." Kin rasa ciniki, an kira ki mayaudariya, alhali bango ne ya yi ƙaryar.

28/ Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma dan Allah a nan ku nutsu. Tun ƙarni na 19 akwai wani sinadarin yalo mai ƙarfi da ake yi da dalma. Yana da haske, yana da rufi, ba shi da tsada. An daɗe ana zuba shi a fentin mai, irin na ƙofa da taga da ƙarfen tsaro.

29/ Amurka ta hana dalma a fentin gida tun 1978. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Ƙungiyar IPEN ta gwada fenti a ƙasashe da dama, har da Najeriya, kuma yalo da ruwan lemo da ja na mai ne suka fi fitowa da dalma mai yawa.

30/ Mu ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara. Can daga niƙan duwatsun zinare ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi taɓawa.

31/ Kada ku tsorata da yalon fentin ruwa, matsalar ta fi yawa a na mai. Amma ku tuna al'adarmu ta shafa wa rabin bango na ƙasa fentin mai don a riƙa gogewa. Daidai tsayin yaro mai rarrafe. Ya ɓanɓare, ya sa a baki. Ko a zo kankare tsohon, ƙurar ta cika ɗaki, yara na wasa a ciki.

32/ Don haka in za ka sayi fentin mai yalo, duba jikin gwangwanin ko an rubuta ba dalma a ciki. Wanda ba suna, ba adireshin kamfani, an juye shi a wata roba, bar shi a wurin ko da rabin kuɗi ne. In ana kankare tsohon fenti, a fitar da yara da masu ciki, a jiƙa wurin, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

33/ To masu kare ruwan ɗorawa, na ji hujjojinku. Ta farko: "yana ɓoye datti." Sawun hannu kusa da makunnin fitila, e, ya fi ɓoyewa. Amma ƙurar hunturu fara-fara ce, a kan kala mai zurfi ta fi fitowa. Maganin datti kuwa fenti mai santsi ne da ake iya gogewa, wanda a kasuwa ake ce wa satin.

34/ Ta biyu: "mu Hausawa mun gaji kala mai ƙarfi, dubi fadar Zazzau." Na duba. Zane ne, kala kusa da kala, yalo a nan, kore da shuɗi da ja a can, layi yana raba su. Magina ba su ɗauki kala ɗaya sun malala ta ko'ina ba. Sun san gishiri a miya ake sa shi, ba a cin sa da cokali.

35/ Ta uku: "mai taushin nan ai kalar gidan haya ce." Abin da ya sa kirim ɗin gidan haya ya fita ranku shi ne an tsinka shi da ruwa, an yi shafa ɗaya a kan siminti, an karɓi kuɗin shekara. Laifin rowa ne. Samu ruwan man shanu na ƙwarai, shafa biyu, farin silin, ka dawo mu yi magana.

36/ Ta huɗu: "ɗakina ne, kuɗina ne." Gaskiyarka. Amma sau nawa mai zaɓen kalar shi ne mai zama a ɗakin? Ango ya zaɓa, amarya ta wuni a ciki. Mai gida ya zaɓa, ɗan haya ya zauna. Kai da za ka fita tun safe sai dare, aƙalla ka tambayi wadda za ta kalli bangon nan wuni guda.

37/ Ga wani abin dariya. Van Gogh, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, duniya ta san shi da son yalo. A 1888 ya kama haya a garin Arles na Faransa, a gidan da ake kira Gidan Yalo. Yalon a waje yake. Cikin gidan farar ƙasa aka shafa. Yalonsa mai ƙarfi a kan allon zane ya zuba shi, ya rataye.

38/ Nan ne wurin ruwan ɗorawa. Matashin kujera, labule, ƙofa ɗaya, firam, kwanukan ado, ko bango ɗaya tak a bayan talabijin in ka matsu. In ka gaji da shi ka canza da kuɗi kaɗan. A shago ko wurin sayar da abinci, inda ake so a jawo ido a shigo a fita, nan ma ya dace.

39/ In ba ku yarda da ni ba, ku gwada, gani ya kori ji. Sayi ƙaramin gwangwani na kowanne. Samu falanki ko kwali mai faɗin kamar mita ɗaya, yi masa shafa biyu, bar shi ya bushe sosai. Kada ka yanke hukunci yana jiƙe.

40/ Jingina su a bango, kusa da tayil, kusa da yadin kujera da labulen da za ka sa. Duba da hantsi, da azahar, da la'asar, da dare a ƙwan da za ka riƙa kunnawa, sannan da fitilar caji. Matsar da su kusurwa. Ɗauki hoton fuskarka a gabansu. Kwana biyu kacal.

41/ In ka zaɓa, sayi abin da zai isa a lokaci ɗaya. In mai fenti ne zai haɗa kalar da hannu, a juye duka a babban mazubi ɗaya a gauraya, don haɗin ido ba ya maimaituwa. Sabon filasta kuma a ba shi kamar wata guda ya bushe, in ba haka ba kowace kala ka sa sai ta yi tabo.

42/ Kuma in ka tsaya tsakanin yalo biyu a kati, ka rasa na ɗauka, ɗauki wanda ya fi sanyi. Wanda kake ganin kamar bai isa yalo ba, shi ne zai zama daidai in ya hau bango huɗu. Wanda ya burge ka a kati, shi ne zai yi maka ihu a ɗaki.

43/ Masu falo ruwan ɗorawa, ban ce ku tashi ku kankare yau ba, na san halin da ake ciki. Amma kafin Sallah mai zuwa, ko jeren ƙanwarku, ku tura wa wanda zai je shagon fenti wannan zaren. Wanda kuma ke ganin nasa ya yi kyau, ya ɗauko hoto da ƙarfe biyar na yamma, ba filta, ya ajiye a ƙasa. Ina nan ina jira.